Santimita 40 tsakanina da ajina

Ni malamar lissafi ce, kuma tun ina ƙarama nake da ɗabi'ar auna abu da ido, amma ban taɓa tunanin auna tsayin matakalar motar haya ba sai da na koma zama a keken guragu. A shekarar 2009, ina da shekara 27, tayar gaba ta motar da muka shiga ta fashe, motar ta ƙwace wa direba ta yi ta juyawa har ta faɗa rami. Mutum biyu suka rasu nan take, ni kuwa na samu rauni a laka, daga ƙugu zuwa ƙasa jikina ya daina ji. Na yi wata biyar a asibiti, inda likitocin gashi suka koya mini yadda zan tashi daga gado in koma keke, da yadda zan riƙa ɗaga jikina a kai a kai don kada gyambon zama ya fito mini. Abin da babu wanda ya koya mini, domin ba aikin asibiti ba ne, shi ne yadda zan ƙetare kilomita bakwai da ke tsakanin ƙofar gidanmu da makarantar da nake koyarwa.

Hukumar makarantar ta yi mini halacci, ta ajiye mini gurbina, ta kuma sauko da ajina ƙasa daga bene. Na ɗauka an gama mai wuyar. A safiyar da zan koma aiki ƙanena ya turo ni zuwa ƙofar gida, sai muka tarar da kwatar da na yi shekaru ina tsallakewa ba tare da na ko dube ta ba, buɗe take, an ɗora mata katako guda ɗaya wanda faɗinsa bai ɗauki tayoyin keke biyu ba. Ya ɗauke ni ya tsallakar, ya koma ya ɗauko keken. Gefen titin da aka tanada don masu tafiya a ƙasa kuwa, inda masu tebur ba su mamaye ba an ajiye motoci, don haka muka sauka kan kwalta muna tafiya tare da babura, suna ta yi mana ham. Muka isa inda ake tsayar da mota da ƙarfe bakwai saura kwata. Na ƙirga ƙananan motocin bas 14 da suka rage gudu, kwandasta ya leƙo ya ga keken, ya buga jikin mota suka wuce. Wasu sukan ce "ba wuri", alhali ina hangen kujeru babu kowa a kai.

Ta goma sha biyar ɗin ta tsaya. Daga ƙasa zuwa matakalarta, kamar yadda na auna da tef a wata rana daga baya, santimita 40 ne, ƙofar kuma ba ta kai faɗin keken ba. Kwandastan ya sa hannu a ƙarƙashin hammatana, wani fasinja ya kama ƙafafuna, ƙanena yana ƙoƙarin rufe mini jiki da riƙe jakar fitsarin da ke ɗaure a cinyata don kada robar ta zare. Takalmina guda ya faɗi a kan titi ban sani ba, tunda ba na jin ƙafar, sai wata mata ce ta miƙo shi ta taga. Ni mace ce da ta saba tsayuwa a gaban ɗalibai hamsin tana ba da umarni, ga shi maza biyu da ban taɓa gani ba suna juya ni kamar buhu, motar kuma ta yi tsit kowa yana kallo. Da aka zo biyan kuɗi aka caje ni na mutum uku: nawa, da na ƙanena, da na keken, wanda kwandastan ya kira kuɗin kaya. Muna sauka wani dattijo ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya," ya ajiye mini canji a kan cinya. Ƙanena ya ce, "Baba, Yaya malamar makaranta ce, aiki za ta." Dattijon ya ji kunya, ni ma na ji, muka rasa wanda zai ba wani haƙuri.

Na daɗe ina jin haushin direbobin nan kafin na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. A yawancin biranen ƙasashe masu tasowa ba gwamnati ce ke ɗaukar jama'a ba, ƙananan motoci ne da babura masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku, mallakin ɗaiɗaikun mutane. Direban da ke tuƙa irin wannan mota sau da yawa ba tasa ba ce, akwai balas da zai kai wa mai mota kullum, ya sayi mai, ya sallami 'yan kamasho, abin da ya rage shi ne nasa. Duk mintin da ya ɓata a kaina, motar bayansa ta kwashe fasinjojin tasha ta gaba, keken kuma ya cinye wurin mutum biyu. Tsarin da kansa yana hukunta direban da ya tsaya mini. Wannan bai wanke wanda ya yi mini dariya ba, kuma akwai su, amma ya nuna mini cewa wa'azi a kan tausayi kaɗai ba zai canja komai ba muddin tsayawar asara ce ga mai tsayawa.

Na koma ɗaukar shatar tasi, wadda ta riƙa cinye fiye da rabin albashina, kuma a ranakun ruwa ko ita ba ta samuwa. Ƙanena ya fara rasa darussansa na safe saboda ni. Na kuma ɗauki wata ɗabi'a da kusan duk mai irin larurata ya san ta, wato ƙin shan ruwa tun daga dare idan ina da fita, saboda babu makewayi a tasha ko a hanya da keke zai iya shiga. Sakamakon haka ciwon mafitsara ya kwantar da ni sau biyu a cikin zango guda. Bayan wata takwas na rubuta takardar barin aiki da hannuna. A takardar na rubuta cewa rashin lafiya ne dalili, kuma har yau ina nadamar wannan jimlar, domin lafiyata ƙalau ta koyarwa, hanya ce ta gagare ni.

Shekara biyu na yi kusan ba na fita, ina koyar da yaran maƙwabta a tsakar gida, har ganin likita ma sai na tsallake biyu kafin in je guda. A 2013 wata da muka yi jinya tare ta ja ni zuwa wata ƙungiyar masu naƙasa, kuma a can ne na gane cewa matsalata yanki ce kawai ta wata babbar matsala. Shugabanmu makaho ne, tsohon ma'aikaci, a ƙwaurinsa akwai tabo uku na faɗawa ramukan da aka sace murfinsu. Shi ne ya faɗa mini abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba: ihun kwandasta da ke kiran sunan unguwanni, wanda mu yake damun kunnenmu, shi ne kaɗai sanarwar da makaho ke samu, kuma duk ranar da aka kawo manyan motocin zamani marasa kwandasta ba tare da lasifikar da ke faɗin sunan tasha ba, to an ci gaba an bar shi a baya. Wata budurwa kurma kuwa buƙatarta akasin tasa ce, tana son a rubuta sunan inda mota za ta da manyan baƙaƙe, domin sau da yawa ta sha shiga motar da ba tata ba. Akwai mai sanda biyu wanda matakala ba ta hana shi hawa, amma direba ya ja mota kafin ya zauna shi ne ya taɓa karya masa hannu. Akwai uwa mai ɗa mai larurar ƙwaƙwalwa da ya yi girman da ba ya goyuwa.

A wannan ƙungiya na fara karatun abin da duniya ta riga ta amince da shi a rubuce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Naƙasa a ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki a watan Mayu 2008, shekara guda kafin hatsarina. Sashe na 9 ya ɗora wa gwamnatoci nauyin kawar da shingayen da ke cikin gine-gine da tituna da sufuri, sashe na 20 kuma ya yi magana a kan 'yancin mutum ya yi zirga-zirga da kansa, a lokacin da ya so, a kan kuɗin da zai iya biya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ce mun haura mutum biliyan ɗaya, wato kashi 15 cikin 100 na al'ummar duniya, daga baya hukumar ta ɗaga adadin zuwa biliyan 1.3, kuma ana ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na wannan adadi a ƙasashe masu tasowa suke. Akwai wani lissafi na hukumar da ya tsaya mini a rai, cewa hatsarin mota yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, yana jikkata tsakanin miliyan 20 zuwa 50, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa. Hanyoyin da suke naƙasa mu su ne kuma suke rufe mana ƙofa bayan sun gama.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Kenya ta yi tata a 2003, Ghana a 2006 ta ba masu gine-gine shekara goma su gyara, Indiya ta sabunta tata a 2016, Nijeriya ta sa hannu a kan tata a watan Janairu 2019 da wa'adin shekara biyar. Wa'adin Ghana da na Nijeriya duk sun cika. Muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun yi alkawarin cewa nan da 2030 za a samar da sufuri mai aminci da sauƙin kuɗi wanda kowa zai iya shiga, an kuma ambaci masu naƙasa da suna. Ba na raina waɗannan takardu, domin da su nake shiga ofis in yi magana a matsayin mai neman haƙƙi maimakon mai roƙon alfarma. Sai dai na lura cewa dokar da ba ta faɗi ma'auni ba, ba ta naɗa wanda zai duba ba, ba ta kuma ware kuɗi ba, tana haifar da wani abu da ya kusa fin rashin gyara ciwo, wato gyaran ganin ido.

Misalin da ba zan manta ba shi ne wata gadar tsallaka titi da aka gina, aka yi mata hanyar gangare a gefe, aka kuma zana hoton keken guragu a jikinta. Ma'aunin da injiniyoyi suka sani shi ne, duk tudun mita ɗaya yana buƙatar gangare mai tsawon mita 12, tare da shimfiɗaɗɗen wurin hutawa a tsakani. Gadar da ta kai mita biyar a sama ke nan tana buƙatar mita 60 a kowane ɓangare, ban da wuraren hutu. Da na auna wannan, sai na tarar mita ɗaya ce a cikin biyar. Muka rubuta takarda har sau uku kafin aka turo mana wani matashin injiniya, wanda ya zo da zanensa yana nuna mini cewa an cika sharaɗi. Ban yi gardama da shi ba, na sa aka kawo tsohon kekena na ce, "Injiniya, bismilla, hau ka gwada." Ƙaƙƙarfan saurayi ne, ya yi kamar mita huɗu, sai ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga sama, ba don shugabanmu da wani yaro suna bayansa ba da ƙeyarsa ta bugi siminti. Ya sauko yana haki ya ce, "Malama, wallahi a takarda ba haka yake ba." Jiki magayi. Ba a rushe gadar ba, kuma ban sa ran za a rushe ba, amma bayan wasu watanni aka yi mashigar tsallakawa a ƙasa mai fitilar tsayar da motoci, aka sassauta dakalin titin a ɓangarorin biyu, kuma kuɗin da aka kashe bai kai ko kusa da na gangaren banzan nan ba. Abin lura shi ne, tsofaffi da masu juna biyu da masu tura kaya a baro sun fi mu yawan bi ta wurin.

Irin wannan gyaran ganin ido ya sha samun makafi su ma. Daɓen nan mai tudu-tudu da farar sandar makaho ke bi, wanda wani mutumin Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967, yana da harshensa: dogayen layuka suna nufin ci gaba da tafiya, ɗigo-ɗigo kuma suna nufin tsaya akwai haɗari. Na ga inda magina suka ɗauke shi ado, suka jera shi yadda ya yi musu kyau, layin ya miƙe ya kai makaho ga turken lantarki.

A 2018 aka gayyace ni wani taro a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, kuma a can na fara ganin manyan motocin bas masu titinsu na kansu, waɗanda suka fara aiki a 2016. Na sha karanta labarin irinsu: birnin Kuritiba na Brazil ne ya faro tsarin a 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa shi a shekarar 2000, daga nan ya iso Legas a 2008 da Johannesburg a 2009. Amma gani ya kori ji. Dabarar mai sauƙi ce ƙwarai, maimakon a ce fasinja ya hau zuwa ga mota, sai a ɗaga dandamalin tasha ya yi daidai da daɓen motar. Da tsakar rana, lokacin da cunkoso ya lafa, na haura gangaren tashar da hannuna, motar ta zo ta tsaya, ƙofa ta buɗe, na tura kekena na shiga. Babu wanda ya taɓa ni, babu ma wanda ya kula da shigata, kuma rabon da in shiga motar jama'a ba tare da an ɗaga ni ba shekara tara ke nan. Na bi ta har ƙarshen layi a Kimara, inda ba ni da kowa kuma ba ni da abin yi, na juyo na dawo.

Duk da haka ba na so in yaudari kowa da wannan labari. Irin waɗannan motoci, da jiragen ƙasa na cikin gari kamar na Delhi da aka buɗe a 2002 da na'urorin hawa bene da daɓen makafi tun ranar farko, manyan hanyoyi kaɗan suke bi, alhali masu naƙasa, da yake talauci ya fi kama su, galibi a unguwannin bayan gari suke zaune inda ko kwalta babu. Tafiya sarƙa ce, daga ƙofar gida zuwa lungu, zuwa bakin titi, zuwa tsallakawa, zuwa tasha, zuwa cikin mota, zuwa ƙofar inda za ka, kuma zobe ɗaya ya tsinke tafiyar ta fasu. A lokacin cunkoson safe da yamma, wurin da aka keɓe wa keke a kowace irin mota yakan cika da mutane a tsaye, na'urar hawa bene kuwa idan ta lalace ba a ware kuɗin gyaranta ba ta zama ɗaki kawai. Wasu birane kamar Sao Paulo da Cape Town sun samar da motoci na musamman da ke ɗaukar mai tsananin larura daga ƙofa zuwa ƙofa, abu ne mai amfani, amma tsadarsa a kan kowane fasinja ba ta barin ya wadaci kowa.

Shi ya sa mafi yawan ƙarfinmu muka mayar da shi wuri biyu. Na farko teburin zane, tun kafin a haƙa rami, domin rahoton 2011 ɗin nan ya nuna cewa idan an sa buƙatunmu a cikin sabon gini tun daga farko, ƙarin kuɗin bai cika wuce kashi ɗaya cikin 100 ba, amma gyara bayan an gama yakan ninka haka sau da yawa, in ma an yarda a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu kuma ƙungiyoyin direbobi, tunda su ne ke ɗaukar mafi yawan jama'a. Mun yi zama da su a tasha fiye da sau goma, da farko suna yi mana kallon waɗanda suka zo neman sadaka, har muka kai ga yarjejeniya a kan abubuwa ƙanana: kujerar gaba ta mai larura ce, ba a cajin keke ko sanda, ba a ja mota sai mutum ya zauna, a tambayi mutum yadda yake so a taimaka masa kafin a kai masa hannu, a kuma shafa wa ƙarfen riƙewa da bakin matakala fenti mai haske don masu raunin gani. Abin da ya sa yarjejeniyar ta ɗore shi ne, shugabanninsu sun yarda cewa direban da ya ɗauko mai keke ba zai rasa layinsa na lodi ba. Inda shugabanci ya canja kuwa, sai mun koma mun faro daga farko, kuma hakan ya faru sau biyu.

Na koma aji a 2015, kuma abin da ya mayar da ni babur ne mai ƙafa uku wanda wani mai walda ya cire masa kujerar baya, ya sa masa ƙofa mai saukowa ta zama gangare, da ƙugiyoyi biyu na ɗaure keke. Mu huɗu muke haɗa kuɗi muna riƙe da direbansa. Kwatar ƙofar gidanmu kuma ƙanena da maƙwabta suka zuba mata siminti mai faɗin mita ɗaya da rabi. Har yanzu idan ruwa ya yi yawa lungunmu yakan hana ni fita, idan babur ɗin ya shiga gareji kuma sai in aika wa ɗalibaina aiki ta waya, kuma na san mata da yawa masu irin larurata da ba su da albashin da za su shiga irin wannan haɗaka.

A makon jiya na ga ana sake gina mahaɗar titin da ke kusa da makarantarmu, an riga an jera katakon zuba dakali daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da an bar ko taƙi guda na saukowa ba. Na sa direbana ya tsaya, na nemi shugaban leburorin, na nuna masa kusurwoyi huɗun da tsawon da kowace ke buƙata. Ya ce shi abin da aka zana masa yake bi, amma ya ba ni lambar injiniyan, wanda ya saurare ni ya ce zai duba. Ranar Talata za su zuba siminti, na gaya wa su biyun cewa ƙarfe bakwai na safe zan iso da tef ɗina, na kuma roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini darasin farko.